Madubi Daidai Tsawon Kausar

Kwanyawa, ƙarshen damina

Zuwa ga Yayata Laure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Ɗayyabu da duk mutanen Rogo. Ya ɗawainiya? Ya rigimar 'yar yaye? Allah ya saka miki da alheri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayata ta zama kwanon rufi, Yaya. Na sayar da ita mun cike abin da ya rage, ta Baban su Sadiƙ kuwa tun da ta faɗa ruwa ranar da ɗakin ya rushe sai ta ga dama take magana. Badaru direba, mai jigila tsakanin Karaye da Rogo, shi zai riƙa kawo miki saƙona. Ki ba shi amsa, ba ya buɗe kayan mutane, surutu ne kawai ya yi masa yawa.

Tun ranar da marka ta kayar mana da bangon gabas, kika zo washegari kika ce in ba ki Kausar tunda dama lokacin yayenta ya yi, muna nan a ɗakin Iya, surukata. Ni da Sadiƙ da Nasiru a tabarma ɗaya, ita a gadonta da shanyayyen ɓarin jikinta, maigidan a zaure. In na ce miki muna barci na yi ƙarya, juyi dai muke yi.

Amma alhamdu lillahi, bango ya tashi. Ba mu ɗauki magini ba, maigidan da abokansa suka yi tubalin, suka ɗora. Saura aikin mata: yaɓe, daɓe, farar ƙasa. Ba ni da na fenti, ba ni da na leda, amma wallahi sai ɗakin nan ya fi na da kyau, ko da farcena zan yi shi.

Nonon ya kafe tuni. Sai dai hannuna bai san an yi yaye ba, kullum da safe kofi uku nake zuba koko, sai Nasiru ya ce, "Umma, na wa ne wannan?" In ce nasa ne, ya shanye. Har ya fara ƙiba da rabon ƙanwarsa.

Ki gaya mini ranar da za ki kawo ta. Ki gaida Malam. Ki shafa mini kanta.

Ƙanwarki,
Barira

*

Rogo

Barira,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da jin gini ya tashi. A gaida maigidanki Lukumanu da ƙoƙari, a duba Iya da jiki, Allah ya ba ta lafiya.

Kausar lafiya lau. Kukan kwanakin farko ne kawai, yanzu tuwo take ci da hannu biyu, ta gano inda nake ɓoye mazarƙwaila, ta kuma naɗa kanta sarkin kajin gidan nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, rigimarki ce sak.

Maganar kawo ta kuwa, ke dai har yau ba ki daina gaggawa ba. Sabon gini danshi ne da shi, ita kuma tana ɗan tari da asuba. So kike ki kwantar mini da yarinya a jiƙaƙƙiyar ƙasa? Ki yi daɓe tukuna, kuma daɓe na gaske irin wanda Inna, Allah ya ji ƙanta, take yi mana: tsakuwa ƙanana, duka sosai, sannan makuba har ya yi baƙi yana sheƙi. Ba irin na matan yanzu ba da ake shafa siminti kamar man shanu a tuwo, wata biyu ya fashe.

Kada kuma ki ce za ki taho ganinta yanzu, za ki tayar mata da tsohon tsumi. Sannu ba ta hana zuwa. Ga rake na ba Badaru ya kai wa yaran, ki ƙirga gaɓoɓin kafin ya rantse miki.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Laure

*

Kwanyawa, bayan kaka

Yaya Laure,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ya sanyi ya fara a wajenku? Rake ya iso, har da guntun da Badaru ya ce ɓera ne ya ci a mota.

Yaya, an yi daɓe! Da ma kina nan. Na yi roron gyaɗa na yi ƙuli-ƙuli, da shi na sayi garin ɗanwake na ciyar da matan unguwa. Makubar kuwa wata tsohuwa a Tudun Kaya ta ba ni, ta ce tun bazara ta ajiye ba wanda ya tambaya, har ta ɗauka ita da makubar za a binne tare. Muka jiƙa ta, muka baza tsakuwa, mata suka durƙusa da madaɓai tun hantsi har la'asar. Hannuna ya yi kanta, bayana kamar ba nawa ba.

Mun gama ke nan, na ja ƙofa, na je ɗebo ruwa. Ina dawowa na tarar da Sadiƙ da Nasiru sun shiga da ɗan akuya suna tseren mota. Sawun mutum biyu da na dabba ɗaya, daga ƙofa har ƙuryar gado! Na ɗauki madaɓi na bi su, Iya tana daga kwance tana dariya har da hawaye, rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon. Na sake dukan wurin, amma sawun Nasiru guda ɗaya ya ƙi ɓacewa a bayan ƙofa. Na bar shi.

Rufin ciki kuma, buhunan taki na wanke na farke, na ɗinke su da allurar buhu, maigidan ya kafe mini su. In kin kwanta kin ɗaga kai, fari tas, sai dai wani wurin ki ga hoton masara. Bango na shafa farar ƙasa, na ɗiga ɗan shuni a ciki don ya yi haske. Daga ƙasa zuwa ƙugu na bar shi da jar ƙasa, don na san 'ya'yana da gawayi. Ai kuwa ban yi kuskure ba, tuni Sadiƙ ya zana babur. Labule na yi da tsofaffin zannuwana biyu. 'Yan kwanukan jerena da suka tsira daga rushewar na goge su da toka, na juya lotsattsun suna kallon bango.

Abu ɗaya kawai na saya sabo. Kin san Kausar da son kallon fuskarta, a bayan faranti, a ruwan randa, har a idon mutum. Ranar kasuwar Karaye na aika aka sayo mini ɗan madubi zagayayye mai jan baki. Ban rataya shi inda manya ke ratayewa ba. In ta rungume ƙafata, kanta a nan yake tsayawa, ɗan sama da gwiwa. Sai na tsaya jikin bango na auna da ƙafata, na buga ƙusa daidai idonta. Maigidan ya shigo ya ce, "Wannan madubin na kaji ne?" Na ce na mai ɗakin ne.

Danshi ya tafi, Yaya. Mun koma ciki har mun kwana. Ki ba Badaru ranar, in dafa muku shinkafa da wake.

A gaida Malam. Na gode, na gode.

Barira

*

Rogo

Barira,

Bayan gaisuwa, sannu da aiki, Allah ya sa albarka. Na karanta wa Malam labarin ɗan akuya, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Sai dai kin ce labule, ban ji kin ce an gyara taga ba. Sanyin bana ba na wasa ba ne, kuma buhu ba ya tare iska. Ga rijiyarku ba murfi, yarinyar nan kuwa yanzu gudu take kamar an saki ɗan maraƙi. Ga jinyar Iya a kanki, ga maza biyu da ko ɗan akuya bai tsira daga hannunsu ba. Ina za ki sa kanki? Ki bari sanyi ya wuce. Lukumanu ma da ya zo na faɗa masa haka, bai musa ba.

'Yata tana nan ƙalau, ta fara haɗa magana. Jiya ta ɗauko takalmina ta ce, "Umma, tafi unguwa."

Sai na ji daga gare ki.

Laure

*

Kwanyawa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, don Inna ba ta koya mana fara magana ba gaisuwa ba. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba.

An sa wa taga marfi. An rufe rijiya da murfin tsohuwar ganga, har da kwaɗo. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Na zauna ina jiran abin da za ki ce saura, ko sai na shafa wa sararin sama farar ƙasa.

Sau biyu maigidan yana zuwa Rogo ɗauko ta, sau biyu yana dawo mini da rake. Ya ce in kin kawo masa ruwa kin zauna kina "Lukumanu ɗan albarka," bakinsa mutuwa yake. To shekaranjiya na roƙi maƙwabciya ta zauna da Iya, na hau motar Badaru da kaina. Na tarar kun tafi suna Maƙarfi ke da ita. Matar ƙanin Malam ta buɗe mini in sha ruwa.

Gani ya kori ji, Yaya. Na ga ƙaramin ɗakin da kike ajiye buhuna. Na ga fenti ruwan hoda, na ga leda mai furanni, na ga ɗan gado da gidan sauro, na ga takalma ƙanana a jere a bakin ƙofa. Wannan ba shirin baƙuwar yaye ba ne. Ina can ina dukan ƙasa da hannuna don ki ce ɗaki ya yi, ashe ke ma naki ɗakin kike yi. Na tsaya a ƙofar kamar ɓarauniya, na ɗauki rigarta ɗaya na sansana, ban ji ƙanshin da na sani ba. A mota na yi kukana, Badaru ma ranar bai yi surutu ba.

Da na dawo na faɗa, Iya ta ce, "Ɗa na kowa ne, Barira. Yayarki ce uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓa haihuwa ba, ke kuwa ga biyu a gabanki. Ki yi kara." Maigidan ya sunkuyar da kai, wato shi ma haka. Kowa kara, kara. Da kin buɗe baki tun farko kin ce, "Barira, ba ni ita," wataƙila da kunya ta sa na ba ki, in shiga ɗaki in yi kukana sau ɗaya. Amma ki riƙa aikena taga da rijiya? Wannan ya yi mini ciwo.

Kuma a takardarki kin rubuta ta ce "Umma." Wa take nufi?

Ina son 'yata. Ban iya faɗarsa da wata kwana-kwana ba. Ki gafarce ni in na yi tsauri.

Barira

*

Rogo, cikin azumi

Ƙanwata Barira,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Na daɗe ban ba ki amsa ba, don duk takardar da na fara sai in yage. Ba ki yi tsauri ba, gaskiya kika faɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin san shekarun da na yi a gidan nan, kin san asibiti da saiwoyi da rubutun da na sha. Gidana kullum a share yake, Barira. In na ajiye abu da safe, a nan zan same shi da magariba. Kina ba ni labarin sawu a daɓe da babur a bango kina mita, ni kuwa ina karantawa ina jin da ma ni ce. Ranar da Kausar ta fasa mini tangaran ɗin da na fi so, wallahi daɗi na ji.

Ban yi niyyar riƙe ta ba ranar da na ɗauko ta. Kwana aka yi ta yi, kullum in ce gobe. Fentin ma cewa na yi don kada ƙurar buhu ta sa ta tari. Ban iya roƙonki ba, don na san za ki ba ni saboda kunya, ni kuma in rasa idon da zan kalle ki da shi.

Ni take nufi da Umma. Ban koya mata ba, ban kuma hana ta ba.

Haƙƙinki ne. Washegarin Sallah zan kawo ta da kaina, da kayanta duka. Ki yafe mini. Ki yi mini addu'a a wannan wata, ni ma ina yi miki.

Yayarki,
Laure

*

Kwanyawa, bayan Sallah

Yaya Laure,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fatan kin isa gida lafiya. Na ga yadda kika fice ta bayan zaure don kada ta gan ki, ko ruwa ba ki sha ba. Na yafe miki, ki yafe mini.

Kin ce in ba ki labarin yadda take. Zan faɗa miki yadda yake, ba ragi.

Da ta waiga ba ta gan ki ba, ta yi ƙofa da gudu. Na ɗauke ta, ta sandare a hannuna tana tura ni da gwiwa, tana "Umma! Umma!" tana miƙa hannu waje. Na ce, "Ga ni, ga Umma." Ta kalle ni, Yaya, irin kallon da yaro ke yi wa mai allura. Sadiƙ ya kawo mata motarsa ta gwangwani, Nasiru ya ba ta alawarsa ta Sallah, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ta ɓuya a bayan labule.

Na ce bari in nuna mata madubinta, shi zai lallashe ta. Na kai ta gaban bango na tsayar da ita. Yaya, madubin a haɓarta ya tsaya. Wuyanta kawai ake gani da wuyan rigar Sallah. Ta wuce shi. Ni ina nan da tsawon da na sani a ƙafata, ita kuwa ta yi ta girma a can ban gani ba. Sai da ta ranƙwafa kamar tsohuwa sannan ta ga fuskarta, ta ga tana kuka, ta ƙara fashewa. Na zauna a kan daɓen nan da na kashe bayana a kansa.

Na so in cire ƙusar in matsar da ita sama. Na ɗauko dutse, na kasa.

Yau kusan mako ke nan. Ba ta kukan ƙara yanzu, kuma shirun ya fi kukan ci mini rai. Wuni take a bakin ƙofa da takalmanta a hannu. In ta ji ƙarar mota ta miƙe. Koko sai ta kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai. Na yi mata ɗanwake, na yi mata taliya da manja, na sayi mazarƙwaila, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba. Na tambaye ta me take so, ta ce mini, "Anti, gida."

Anti, Yaya.

Ki rubuto mini me kike ba ta da safe, da yadda kike yi ta yi barci. Ban sani ba. Ni na haife ta kuma ban sani ba.

Ki gaida Malam.

Barira

*

Rogo

Barira,

Sallama. Kunun gyaɗa take sha da safe, ba koko ba, kuma sai an bari ya huce an ba ta cokali ta sha da kanta. In za ta yi barci, ki ba ta gefen mayafinki ta riƙe, ki riƙa shafa mata tafin ƙafa.

Ki daure. Yaro mantuwa ne da shi, yadda ta saba da ni haka za ta saba da ke. Kada ki dawo da ita don tausayina, na rufe ɗakin na ba Malam makullin. Ba zan zo ba sai kin ce in zo.

Allah ya raya miki su duka.

Laure

*

Kwanyawa

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na yi kunun gyaɗar, na ba ta mayafin. Ta sansana ta ajiye. Jiya muka kai ta asibitin Karaye, suka duba suka ce ba zazzaɓi, ba komai, abinci ne ba ta ci. Awarwaron da kika sa mata yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Ba don tausayinki ba ne. Na ce ina son 'yata, to ina son ta da ƙiba a Rogo fiye da a rame a gabana. Babanta zai kawo ta yau a motar Badaru. Ki karɓi makullin wurin Malam. Ni ba zan raka su bakin titi ba, ki yi mini uzuri.

In an yi hutu ki riƙa kawo ta ta ga 'yan'uwanta. Ki gaya mata sunana, ko da Antin ce.

A cikin ƙullin kayanta akwai madubin, na naɗe shi a zanen goyonta don kada ya fashe. Ƙusar na bar ta a bango. Ki rataya mata shi daidai tsawonta, ke kika san shi yanzu.

Ƙanwarki,
Barira